Mayen Ƙasan Teku

Zuwa ga Kawu Malam Alidu, Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, Kawu, fatawa nake nema kafin Juma'a.

Maigidan da nake tuƙa wa mota a nan Doha ya sa an koya mini nutso a teku, irin wanda ake goya tulun iska a baya, a saka bututu a baki. Mai koyarwar ya yanka mini iyakar zurfin da zan tsaya. Ni kuwa, ɗan masunta, na ga raini ne, na wuce. Can ƙasa sai daɗi ya lulluɓe ni, na kama dariya. Wani kifi ya zo wucewa, tausayinsa ya kama ni, na cire bututun na miƙa masa ya ɗan shaƙa. Mai koyarwar ne ya cusa mini shi a baki, ya hau da ni sannu a hankali, don fitowa da gaggawa ma kisa take yi. Ya ce iska ce ke sa maye a zurfi.

Kawu, ban taɓa shan giya ba. Ina da zunubi? Juma'a maigida zai je inda ya fi nan zurfi, har ya ce mini "yalla", wato in zo mu je. Don Allah kada matata Haulat ta ji.

Ɗanka, Zulkiflu.

Zuwa ga Zulkiflu.

Wa alaikumus salam. Na tuntuɓi malamai, babu wanda ya taɓa jin an bugu da iska. Da na haramta ta, sai na tuna ni ma ita nake shaƙa. Na farko dai rashin sani ne, an ce ya fi dare duhu. Na biyu kuwa, wanda ya san hanyar mashaya ya koma da ƙafarsa ba shi da uzuri. Kakanka ya tsufa a kogi, bai taɓa yi wa kifi sadaka ba.

Batun Haulat, ka manta idona ya yi rauni. Ita ke karanta mini wasiƙu. Ga tata a ƙasa. Allah ya shirye ka.

Kawunka.

Baban Mansuratu,

Ina gaisuwa. Na yi dariya har Kawu ya tsawata mini, na koma ɗaki na yi kuka. Numfashin da ka ba kifi ba naka ne kai kaɗai ba, da ni da Mansuratu muna da rabo a ciki, kuma ba mu yafe ba. Idan ka sauka Juma'a, ka fito ka nemi wadda za ta riƙa karanta wa Kawu wasiƙunka.

Matarka, Haulat.

Haulat,

Bayan gaisuwa. Juma'a na kai maigida bakin teku, na ce "khalas", wato na daina, na zauna a mota. Shi da abokansa sun yi ta tsokanata, wai ɗan Yawuri na tsoron ruwa. Na ce musu ba ruwa nake tsoro ba.

A gaida Kawu.

Mijinki, Zulkiflu.