Ruwan Jiƙon Ƙiraga Ya Kusa Isa Rijiyarmu

Zuwa ga Mai Girma Joji, Baturen da ke duba ƙasar Jega,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah ya ja zamaninka. Ni ne Umaru, mai lambun albasa a bakin gulbi. Malamin unguwarmu na roƙa ya rubuta mini wannan takarda, kuma za a karanta ta ranar kasuwa, don kada a ce a ɓoye muka yi.

Na farko. Kamfanin da ke sayen fatu yana tsoma ƙiraga cikin ruwan wani farin magani don kada ƙwari su ci. In an gama, sai leburori su tuntsurar da ruwan a kwazazzabon da ke gangarowa lambunanmu. Ciyawar wurin ta ƙone ƙurmus, ko kwaɗo ba ya kuka a can.

Na biyu. Bayan girbin gero, saniyar wani Bafulatani daga Karaye ta sha ruwan nan, ta faɗi tana kumfa. Mu ba ma barin dabba ta zama mushe, sai aka yi maza aka sa mata wuƙa, aka raba naman gida-gida. Wa ya san guba muke rabawa? Duk gidan da aka ci, amai da zawo. Mahaifiyar limaminmu ta rasu. Ɗiyata Hajo har yau tana kwance, ta zama ƙashi da rai.

Na uku. Mun je wurin akawun kamfanin, ya ce kwaɗayinmu ne ya ja mana. To, mun ji. Masu lambu da Fulani da mahauta, har da mutanen ƙauyen Danwarai, muka taru a ƙofar masallaci muka ɗaure magana: ba mai sayar wa kamfanin fata sai an daina zubar da ruwan. Muna kuma karɓa-karɓar tsaron kwazazzabon, muna kore dabbobi.

Ranka ya daɗe, wallahi tsoro muke ji. An ce akawu ya kai ƙara wai tawaye muke shiryawa, kuma mun san abin da ke samun garin da aka liƙa wa wannan suna. Sandar kora shanu kaɗai ke hannunmu. Amma damina ta fi dogarai ba ni tsoro, don ruwan farko zai kwaso dattin nan ya juye shi a rijiyar unguwa.

Muna roƙo ka zo ka gani da idonka, ka sa a kwashe ƙasar wurin, a mayar da rumfar da ake jiƙa ƙiraga nesa da ruwa. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare naka iyalin.

Jiya hadari ya haɗu a gabas. Ni manomi, ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai bana.

Wassalam.
Umaru mai albasa, a madadin mutanen bakin gulbi.