Burtalin da Kimiyyarku Ta Nome

Zuwa ga Mai Girma Farfesa, mashawarcin gwamnati kan tattalin arziki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ni manomi ne a Karare ta ƙasar Batsari, bokona bai wuce yaƙi da jahilci ba. Na ji ka a rediyo kana cewa tattalin arziki kimiyya ce kamar likitanci, ba ra'ayin kowa ba ne. Ranka ya daɗe, ina da ƙorafi.

Na ɗaya. Tun kafin Turawa su tafi, Fulanin gidan Ardo Buba ke sauka a gonarmu bayan an kwashe amfani. Shanu su ci kara su bar mana taki, mu ba su damin gero, su aiko da nono. Ko kwabo ba ya shiga tsakani. A kan haka mahaifina da mahaifin Buba suka rasu.

Na biyu. Da kuɗin fetur suka shigo, sai ga ma'aikatanku da takin zamani kusan kyauta. Suka ce wancan tsari ci baya ne, tunda ba ya fitowa a lissafin arzikin ƙasa, burtali kuwa fili ne da ake asararsa. Aka sa tarakta ta nome hanyar da shanu ke bi daga dajin Ruma zuwa gonakinmu. Gaskiya ɗaya ce, takin ya yi aiki, har na ƙara rumbu. Amma da kaka Buba ya zo ya tarar ba hanya. Bai yi faɗa da kowa ba, ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Runka.

Na uku. Yanzu fetur ya faɗi, kai ɗin nan kuma ka ce rangwamen taki ɓarna ne, a bar kasuwa ta yi halinta. Wannan ma wai kimiyya ce. To, ƙasar gonata ta mutu, ciyawar wuta-wuta ta cinye dawa, buhun taki ya fi ƙarfina, shanu sun tafi. Ba tsuntsu ba tarko, ga bakuna a gida. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Na daɗe ina juya maganar. Likita in ya ba ka magani ka rikice, yakan ce wannan bai karɓe ka ba, ya sake wani. Ku kuwa kun yi magana biyu, ta biyun ta kashe ta farko, amma ban ji wanda ya ce mun yi kuskure ba, sai dai manomi ne bai waye ba. Boka ne na sani da wannan hali: in magani bai ci ba, kai ne ka karya sharaɗi.

Ban ce iliminku banza ba ne. Kun iya ƙidaya, Allah ya sani. Tambayata, wa ya zaɓi abin da za a ƙidaya? Wanda ya yanke cewa buhu arziki ne, kashin shanu da zumunci ba arziki ba ne, ba awo ya yi ba, yarda ya yi. Abin da aka yarda da shi ba awo kuwa, aƙida muke ce masa. Kowa da tasa, amma da kun kira ta da sunanta, da mun yi shawara kafin mu bi.

Roƙona biyu ne. Ka koma rediyon ka bambance mana abin da kuka auna da abin da kuka zata. Sannan ka sa baki a buɗe burtalin nan kafin kaka. Na je Runka na sami Buba, ya ce zai dawo in da hanya. Daga ni har shi mun tsufa, kuma 'ya'yansa ba su san 'ya'yana ba. In ba mu haɗa su a gona ɗaya muna raye ba, ina tsoron gaban alƙali za su fara sanin sunan juna.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da aikinka lafiya.

Wassalam.

Naka,
Mamman na Karare