Littafin da Na Karanta wa Gwaggo Alto

Alhamis, 13 ga Maris

Sai yau na samu natsuwar rubuta abin da ya faru ranar Laraba ta Toka, ranar da azuminmu yake farawa, don daga ranar ce komai ya karkace.

Bayan sujada Mama Shugaba ta tara mu a ɗakin zumuntar mata. Ita ce shugabar zumunta, kuma ƙanwar surukata ce, wato ko a coci ko a gida ba ni da wurin ɓuya. Ta raba mana 'yan takardu, kowace ta rubuta abin da za ta bari a kwana arba'in na azumi, ta ninke ta jefa a kwando. Ni na rubuta sukari. Sai Mama ta leƙo ta kan kafaɗata ta ce, "Amarya, ke ai sukarinki ba a kofi yake ba, yana ƙarƙashin filo." Aka kwashe da dariya. Na soke, na rubuta littattafan soyayya. 

Wa ya gaya mata zancen filo? Maigida mana. Wa kuma.

Daga nan aka raba aikin ziyara. Mu uku ne sababbi. Kowace an ba ta tsohuwa ɗaya da ba ta iya zuwa coci, ta je Talata da Alhamis, ta karanta mata Zabura, ta yi addu'a, ta cike kati: lokacin shiga, lokacin fita. Wadda ta cika kwanakin ba tare da aibu ba, ranar Ista, idin ƙarshen azumi, za a ɗaura mata ɗankwalin zumunta a gaban ikilisiya. Ina son ɗankwalin nan, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Shekara ɗaya da aurena, har yau a benci na baya nake zama kamar baƙuwa.

Ni aka ba Gwaggo Alto. Da aka kira sunanta na ga mata suna kallon juna.

Talata, 18 ga Maris

Ɗakinta yana bayan shagon kafinta. Ƙurar katako ko'ina, har kan bargonta. Gado, kujera ɗaya, fanka da ba ta juyawa, da rigar mawaƙa a rataye cikin leda. Shekara talatin ta yi tana rera alto, muryar mata mai kauri, a coci, daga nan sunan ya bi ta. Shekara shida ke nan da idonta ya rufe.

Zuwana biyu na farko, ina fara Zabura take riga ni ƙarasawa da ka. Sai ta ce, "Kin gama? To rubuta minti goma ki kama gabanki, haka suke yi."

Yau kuwa hannunta ya faɗa kan jakata. "Mene ne wannan mai kauri?"

Littafi ne. Sabo, na saya kafin azumi, ko buɗe shi ban yi ba. Ɗauka kawai nake yi, a takardar ai ban ce zan daina ɗauka ba.

Ta ce in karanta mata. Na ce Gwaggo, na yi alkawari. Ta ce, "Ke kika yi, ni ban yi ba. Bakinki kawai zan ara."

Babi biyu. Allah Ka gani, ita ta ce.

Alhamis, 20 ga Maris

Labarin wata nas ce da direban jirgin ƙasa, babi ashirin. Gwaggo ta ce direban sakarai ne. "Namiji ya tsaya a tasha yana kallon mace har jirginsa ya makara? A kore shi daga aiki." Ni kuwa wurin nan ne ya sa ƙirjina ya yi zafi.

Na rubuta gaskiya a kati. Shiga ƙarfe huɗu, fita shida saura kwata.

Lahadi, 23 ga Maris

Maigida ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, firji uku ya gyara jiya, yau ma an kira shi bayan coci. Na tambaye shi ko zai iya barin jirgi ya makara saboda ni. Ya ce, "Wane jirgi?" Ya ci gaba da cin abincinsa.

Wannan shi ne rabona.

Alhamis, 27 ga Maris

Babi na tara. Nas ta ƙi karɓar wasiƙa. Gwaggo ta buga cinya ta ce, "Yarinya, karɓi! Mutuwa ba ta jira."

Sai ta ba ni labarin mijinta. Shi bass yake rerawa, muryar maza mai kauri. Shekara biyu suna tsaye layi ɗaya bai taɓa ce mata komai ba, sai dai kullum ya riƙe mata shafin waƙa idan iska ta kaɗa. Ba su haihu ba. Ya rasu kafin idon ya tafi. Ta ce gara haka, da yanzu yana nan yana zubar mata da shayi a jiki.

Ta yi dariya har ta yi tari. Kafinta ya leƙo ya ce tun da ya kama shagon nan bai taɓa jin dariyarta ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Na shiga uku. Mama Shugaba ta duba katunan, ta ɗaga nawa sama a gaban mata duka. "Ku dubi 'yata! Kowa minti goma sha biyar, ita kusan awa biyu tana karanta Maganar Allah!" Aka tafa mini. Har matar Fasto ta rungume ni.

Ban ce komai ba. Ya kamata in ce. Ban ce ba.

Ta ce wata rana za ta biyo ni ta ga yadda nake yi, don sauran su koya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ta biyo ni. Ba ta faɗa ba, ta zo ne kawai.

Muna babi na goma sha huɗu, daidai inda direba ya kama hannun nas a bakin asibiti cikin ruwan sama, ni kuma ina sa murya, har da rawar murya nake yi masa. Ashe Mama tana tsaye a taga da matar Fasto a bayanta. Ban san tsawon lokacin da suka yi ba.

Abin da nake tunawa gutsi-gutsi ne. "A cikin azumi!" "Tsohuwa da ƙafa ɗaya a kabari, maimakon ki shirya ta!" Gwaggo kuma daga kan gado: "Ƙafata tana nan kan katifa, zo ki taɓa. Ke da na koya miki riƙe murya kina da majina a hanci."

Mama ta fizge littafin ta sa a jakarta. Ta karɓe katin. Ta ce an cire ni daga ziyara, za a ba wata. Sharaɗi biyu idan ina son ɗankwali bana: ranar Juma'a Mai Kyau, ta kafin Ista, in tsaya gaban zumunta in ce na yi wa tsohuwa laifi, kuma kada in sake taka ɗakin nan.

Ban yi kuka a gabansu ba. Sai da na sha kwanar shagon.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Bari in raba abin gida biyu, ni da kaina a nan.

Na karya alkawari. E, na karya. Ba bakina kawai ta ara ba, na ji daɗin labarin har cikin raina, kuma na bari aka tafa mini a kan ƙarya. Wannan nawa ne, na faɗa wa Allah yau da safe, kuma zan iya faɗa a gaban kowa.

Amma in ce na yi wa Gwaggo laifi? Wane laifi? Na dariyar?

Maigida ya ce, "Ki ba ta haƙuri kawai a wuce wurin, Mama ce fa." Na ce Mamarka ce. Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa.

Talata, 8 ga Afrilu

Na je.

Na laɓe a shagon kafinta har wadda aka ba ziyarar a madadina ta fito. Minti takwas, na duba agogo. Da na shiga Gwaggo ta juya fuska bango. Na yi sallama, ta ce, "Wa ya aiko ki?" Na ce babu. Ta ce, "To zauna."

Ta tambayi direba. Na ce littafin yana jakar Mama, kuma ni ma ban san ƙarshen ba. Ta ce, "Ke da kika haɗiye irinsu ɗari? Buɗe baki mana."

Sai na ƙirƙira. Na sa aka yi wa nas canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa da jirgi ba ya zuwa. Ban san daga ina abin yake fitowa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na sa direba ya yi rashin lafiya. Gwaggo ta ce kada in kuskura in kashe shi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Lahadin ganyen dabino. Kowa yana kaɗa ganye yana waƙa, ni ina benci na baya. Mama ta wuce ni, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Na ji labari." Kafinta ba ya iya riƙe baki.

Ta ji. To sai me.

Da yamma surukata ta kira a waya, minti ashirin tana magana ina cewa to Mama, to Mama. Ban ce zan daina ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Yau ta faɗa mini abin da har yanzu yake yawo a kaina.

Na tsaya a wuri mai daɗi kamar kullum, na ce sai Alhamis. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Kina tsammanin direbanki ne ya dame ni? Ni da na binne miji? Zabura na fi ku saninta, kuma ita nake kwana da ita. Amma mutum ya karanta guda ɗaya ya rufe, ya gama da ni ke nan. Labari kuwa idan ba a ƙare ba, dole a dawo."

Ashe tarko ta ɗana mini tun ranar da ta taɓa jakata. Tsohuwar nan!

Na ce to Gwaggo, in labarin ya ƙare fa? Ta sake ni ta ce, "Ista ta kusa. Bayan Ista ake tattara katuna. Kowace shekara haka ne, sai kuma wani azumin in ina raye."

Alhamis, 17 ga Afrilu

A sujadar yau Fasto ya yi wa'azi a kan daren da Ubangiji ya shiga lambu da baƙin ciki, ya nemi abokansa su zauna tare da shi na ɗan lokaci, suka yi barci. Ya ce ba wa'azi ya nema a wurinsu ba, ba shawara ba, zama kawai. Na sha jin labarin nan tun ina yarinya. Yau ne na ga ɗaki da fanka da ba ta juyawa.

Na kalli Mama a benci na gaba, tana share ido da bakin ɗankwalinta. Ba muguwa ba ce. Ita ta fara wannan ziyarar shekaru da suka wuce, lokacin babu mai zuwa ko na minti takwas. Na san haka. Duk da haka.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na tsaya a gabansu. 

Na ce na karya alkawarin azumina, kuma na karɓi yabon da ba nawa ba, ku gafarta mini. Mama ta gyaɗa kai ta ce, "Sai na biyun."

Na ce na biyun babu shi, Mama. Ban yi wa Gwaggo laifi ba, kuma ba zan daina zuwa ba.

 Wata a baya ta ce, "Amarya da baki." Mama ta rufe littafin sunaye ta ce to bana mutum biyu za a karɓa.

Na zauna. Ban faɗi ƙasa ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ubangiji ya tashi! An ɗaura wa su biyun ɗankwali, ya yi musu kyau sosai. Na tafa. Ya yi mini zafi, ba sai na ɓoye wa takarda ba.

Maigida bai jira gaisuwar bayan coci ba, ya ɓace. Na yi fushi har na fara shirya maganar da zan gaya masa.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ashe ɗakin Gwaggo Maigida ya je da jakar kayan aikinsa. Kafinta ne ya tare ni a hanya ya faɗa. Fanka tana juyawa, kuma ya toshe ramin da ƙurar katako take shigowa. Wai Gwaggo ta shafa fuskarsa ta ce, "Kai ne mijin? Ba ka da surutu. Irinku ne masu riƙe shafi."

Da na dawo na tarar da littafin a kan filo. A kai, ba a ƙarƙashi ba. Yadda ya karɓo shi daga hannun Mama bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na ƙara masa nama a abinci. Ya lura, ya yi kamar bai lura ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Azumi ya ƙare, babu wanda zai hana ni. Tun jiya littafin yake hannuna, saura babi shida in san ko direba ya samu nas. A da da yanzu na cinye shi a tsaye a kicin har tukunya ta ƙone. Na buɗe da safe, na karanta layi uku, na rufe. Babu mai cewa sakarai, abin ya yi lami. Wataƙila gajiya ce.

An tattara katuna shekaranjiya. Yau babu sunan kowa a kan ɗakin nan.

Na sa littafin a jaka, da Zabura, don ta yi alkawarin koya mini muryar alto ta guda ɗaya in na iya riƙe numfashi. Idan wannan labarin ya ƙare akwai wasu littattafai goma sha ɗaya a akwati. Idan suka ƙare, akwai bakina.

Ƙarfe huɗu zan tafi. Talata da Alhamis, da kati ko babu.