Wanda Ya Miƙa Wa Dogo Ƙwallo

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatu. Tela ne ke rubutawa ina faɗa, in kin ga kuskure nasa ne.

’Yan kulob sun shafa wa bangon filin unguwa fenti, za su rubuta sunan wanda ya ci ƙwallon da ta ba mu kofi shekarun baya. Dogo za su sa, ban da marigayi babanki. Wai shi bai ci ba. Ni da nake tsaye a bayan raga ranar za a gaya wa? Babanki ya yanke mutum biyu, gola ya fito masa, sai ya gangara wa Dogo. Ko akuya ce a wurin sai ta ci. Na faɗa musu, suka ce, “Baba, je ka huta.”

Ku ’yan ƙwallon kwando, haka kuke yi wa mai bayarwa?

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki

Tsoho mai rigima,

Ina gaishe ka, ya ƙafa? A wurinmu wanda ya miƙa aka ci, shi ma ana rubuta masa. “Asis” ake cewa, wato taimakon ci. ’Yan ƙwallon ƙafa ma yanzu suna yi. Na kira shugaban kulob, ya ce a kawo shaida ko ɗaya bayan kai, zai sa sunan. Ka je wurin Dogo mana. Don Allah kar ka gaji, ban san Baba ba sai ta bakinka.

Ka huta lafiya.
Jikarka

Jikata,

Na gaishe ki. Na je gidan Dogo. Ashe ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Na ce, “Dogo, wa ya ba ka ƙwallon nan?” Ya riƙe hannuna, hawaye na zuba, magana ta ƙi fita. Matarsa ta ce in bar shi haka. Sauran ’yan wasan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma ban haƙura ba, gobe zan kai kujerata gindin bangon, mai fenti ya rubuta a kaina.

Kakanki

Jikata,

Sun rubuta Dogo shi kaɗai. Mai fentin ya ji tausayina, ya tsuguna ya ce in ba shi labarin. Ina cikin bayarwa ya tambaye ni da wace ƙafa babanki ya miƙa. Na buɗe baki, babu. Har yau na kasa tunawa.

In na taɓa gaya miki, ki aiko min.

Kakanki