Dutsen Mma Sanatu da Saƙon da Bai Iso Ba

Zuwa ga Manajan Yanki,
Kamfanin Wayar Tarho, reshen Tamale.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na kawo maganar nan bainar jama'a. Ba a son raina ba ne. Sau biyar ina zuwa ofishinku, na zauna a bencin bakin ƙofa har mai gadi ya haddace sunayen 'ya'yana, amma ban samu ganinka ba. Na gaji da zaman benci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Awal Sani, sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoma mai ofis a Jisonayili. Tarakta ɗaya gare mu, gonaki kuwa da yawa, saboda haka dole a bi layi. A da, idan ruwan farko ya sauka, kowa kan kawo dutsensa ya ajiye a gindin darbejiyar ƙofar ofis. Kowane dutse da alamarsa, wani fenti, wani tsumma. Wanda dutsensa ya riga, gonarsa ake fara yi wa huɗa. Masu babur su ke riga kowa. Tsofaffin da ke tahowa a ƙafa daga Gbalahi kullum su ne a ƙarshe.

Ni ne mai kankanbar da ya ce a bar duwatsu. Na ɗan taɓa karatun kwamfuta, sai na shawo kan dattawa aka sayi saba, wato akwatin kwamfutar da ake haɗa wa layin tarho. Na ce kowa ya zauna a gida ya turo saƙon tes zuwa lambar ofis, na'ura za ta jera sunaye bisa lokacin da saƙo ya shigo. Mun zaɓi layin girke, wato wayar tebur ta ofis, da gangan. Lambar tana rubuce a bangon ofis da jikin tarakta, kowa ya haddace ta, kuma ba ta cikin aljihun kowa, balle a ce sakatare ya fifita surukinsa.

Ranar da aka amince, Mma Sanatu ta matso gaban teburina. Mutuniyar Gbalahi ce, aminiyar marigayiya mahaifiyata, ta goye ni ina jariri, mijinta ya rasu, gwiwoyinta kuma sun daɗe da ƙin tafiya mai nisa. Ta ciro dutsenta daga bakin zane, baƙi ne da jan zare, ta ajiye mini. Ta ce, "Awal, ka ce mashin zai yi layi? To riƙe. Ƙafana ya gaji." Na karɓa ina washe baki kamar an ba ni lambar yabo.

Ga abin da nake kuka da shi, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Ɓangarena na aikin na gama shi. Na shigar da lambar cibiyarku ta saƙonni a saba, na gwada, saƙo yana fita lafiya lau. Shigowa ce matsalar. Kamar yadda ka sani, idan aka turo saƙo zuwa layin girke, cibiyarku ce ke bugo waya, saba ta ga lambar mai kira, ta gane cewa saƙo ne ba mutum ba, ta ɗauka ta karɓe shi. To layinmu ba ya nuna lambar mai kira, kuma ba a yi masa rajistar karɓar saƙo a wajenku ba. Tun kafin damina na cike takardar neman a buɗe waɗannan biyun, ma'aikaciyarku ta buga mata hatimi a gabana, ta ce an gama. Da na gwada bai shigo ba, aka ce in ba shi kwana biyu zai zauna da kansa. Na yarda. Wannan yardar laifina ce, ba na ɗora wa kowa ita.

Na biyu. Tunda saba ba ta san wa ke kira ba, sai wayar ta yi ta ƙara kamar kowane kira. Shugabanmu Alhaji Fuseini shi ke zama kusa da ita, kuma mutum ne da bai taɓa barin waya ta yi ƙara biyu ba. Na manna takarda cewa kada a ɗauka, ya cire ta, ya ce shi ba a yi masa tarbiyyar a yi sallama ya yi shiru ba. Yana ɗauka sai ya ji tsuwwa a kunne, ya yi tsaki ya ajiye. Bayan wani lokaci cibiyarku ta sake bugowa, wannan karon da muryar wata mata ta na'ura, tana karanta Hausa da Dagbanci da bakin Turanci, ba a gane ko kalma ɗaya. Alhaji ya gaishe ta, ya tambaye ta aiki da gajiya, ita kuwa ta ci gaba da abinta ta kashe. Yanzu yana kiranta Baturiyar nan mara gaisuwa. A farko ni ma na yi dariya. Daga baya na gane cewa duk lokacin da ta yi magana, sunan wani manomi ne ke bin iska.

Na uku. Ma'aikatanku biyu sun zo. Na farko ya leƙa bayan akwatin, ya girgiza waya, ya ce, "Massa," wato maigida, "netwok ne," ya hau babur. Na biyu ya rantse mini cewa layin girke ba ya karɓar saƙo sam, alhali a takardar tallarku na karanta cewa yana karɓa. Da na nuna masa, ya ba ni shawarar in sayi layin hannu in huta. Ban yi masa gardama ba, ba ni da sauran ƙarfinta.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Washegarin ruwan farko, ana idar da sallar asuba, Mma Sanatu ta kai wayarta gidan maƙwabta, matar gidan ta rubuta mata saƙo ta tura. Wayar ta nuna an aika. Sauran manoma da suka ji shiru ba amsa, sai suka hau babura suka zo ofis, aka rubuta sunayensu da biro, layi ya tashi a haka. Ita ba ta zo ba, domin ni na ce mata ta zauna a gida. Ni kuma ina can ina zaman bencinku, ban lura babu sunanta ba.

Sai bayan kwana goma na je Gbalahi. Gonar dama an yi huɗa, ta hagu an yi huɗa har masara ta fara huda ƙasa, tata tana tsakiya ciyawa ta rufe ta. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ruwa ta ba ni, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ɗana, mashin ya ce yaushe?" Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na kai wayarta gaban kwamiti. Suka ce agogon wayar hannu kowa na iya juya shi, ba za su tsallake mutanen da ke layi ba sai da takarda daga kamfani mai nuna lokacin da saƙon ya isa cibiyarku. Ban ga laifinsu ba, da irin wannan tsantsenin ƙungiyar ta kai yau. Ranar Juma'a bayan masallaci za su yi zaman ƙarshe. Daga nan tarakta za ta wuce gonakin nesa, kuma kafin ta dawo lokacin shukar masara ya wuce. Gonar nan ita ce abincin Mma Sanatu na shekara.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. A ba ni takarda mai hatiminku da ke nuna ranar da saƙonta ya shigo da lokacinsa, kafin Juma'a. Sannan a buɗe wa layinmu nuna lambar mai kira, a yi masa rajistar karɓar saƙo. Na biyun, wani ma'aikacinku ya faɗa mini a asirce cewa ba zai kai tsawon shan kofin shayi ba. Idan dole sai ɗaya, a ba ni takardar. Dattawa sun riga sun fara maganar komawa gindin darbejiya, ni kuma ba ni da bakin hana su.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa zuri'arka albarka, ya sa idan tsufa ya zo maka ka samu wanda zai cika maka abin da ya ce.

Dutsen Mma Sanatu yana nan a kan saba, a nan na ajiye shi tun ranar da ta ba ni. Idan Juma'a ta wuce babu takarda, zan sa shi a aljihu in tafi Gbalahi in mayar mata da shi hannu da hannu. Na san za ta karɓa, ta ɗaure shi a bakin zane, ta ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin nake roƙonka ka raba ni da ji.

Wassalam.

Awal Sani,
Jisonayili, Tamale.