Wasiƙar da kuka sa Nana ta haddace

Zuwa ga Shugaban makarantar su Nana da ke Tarauni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Malam Hedimasta, ni ce mahaifiyar Nana ta aji shida, matar nan mai shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ka shanya a benci a ƙofar ofishinka tun hantsi har aka kira azahar. Tunda ba ka da lokacin ganina, ga maganar a bainar jama'a. Da Hausa na rubuto don kowa ya gane, har da kai.

Na ɗaya. Tun Nana tana aji ɗaya nake karɓar takardunku, ban taɓa samun guda da aka rubuta tsaf ba. Wai Turanci ne, amma babu Baturen da zai ce nasa ne. Jimla ba kai ba gindi, an cusa mata manyan kalmomi don a razana iyaye. Duk ranar da kuka aiko, a shagona matan layinmu ke taruwa, ni da maƙwabciyata Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare, mu yi ta ƙura ido kamar masu karanta rubutun likita, muna laluben ko hutu za a yi ko taro. Na yi shiru ne saboda na ɗauka abin a ofis ya tsaya, bai shiga aji ba.

Na biyu. Ashe ya shiga. A zangon nan malamin Turanci ya ɗauki takardarka ta kiran taron iyaye, ya kwafe ta a allo, ya ce wa yara ita ce wasiƙar misali, su haddace ta saboda jarrabawar shiga sakandare. Da na ji Nana tana rera ta a tsakar gida, sai da na ajiye ludayi. Na zaunar da ita muka gyara layi bayan layi, ta sake rubutawa tas, ta kai da murnarta. Malamin ya zabga mata jan biro daga sama har ƙasa, ya sa ta durƙusa a gaban aji, wai ta lalata rubutun Hedimasta. Ya ƙara da cewa mai buga wa mutane takarda ba ta isa ta yi wa masu digiri gyara ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Da yamma na ce ta kawo jakarta mu duba aikin gida kamar kullum. Sai ta rungume jakar ta ce, "Umma, ki bari kawai. Malam ya ce ke ba ki iya ba." Ni na koya wa yarinyar nan riƙon fensir. Yau ta fi yarda da shirmenku a kan gaskiyata, ga jarrabawa ta ƙarato. Masu makin takardu ba su san Hedimasta ba, ba su san digirinsa ba. Abin da ta rubuta za su gani.

Abin takaici, makarantar nan ce ke rataya wa yaro kwali a wuya in ya yi Hausa. Kun raba su da harshensu, kun ba su wanda ba na kowa ba.

Buƙatuna ba su da yawa. A yage wasiƙar nan daga littattafan yara. A riƙa rubuto wa iyaye da Hausa, ba abin kunya ba ne. In kuma dole sai Turanci, a aiko shagona in gyara, ba sai ka gode ba, kuma ba zan shanya ɗan aikenka a benci ba. Na ƙarshe, malamin nan ya tsaya daidai inda ya durƙusar da Nana, ya faɗa wa aji cewa abin da ta rubuta daidai ne. Daga bakinsa ta ji ban iya ba, daga bakinsa kaɗai za ta yarda.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya hore maka ilimin da allon ƙofar makarantarka ke iƙirari. Ina jira. Har yau in Nana ta dawo, ƙarƙashin gado take ɓoye jakarta don kada in taɓa.

Wassalam.

Maman Nana,
Gyaɗi-Gyaɗi.