Ƙarfen Luh Sari

Litinin, 7 ga Yuli

Men Wirka maƙwabciyata ce ke rubutawa, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Ke dai rubuta yadda na faɗa.

Jikata Luh Sari ta buɗe shago a bakin titin garinmu Tulamben, kusa da teku. Ƙarfe take sayarwa. Farantin ƙarfe da masu nutso ke goyawa a baya, da jakar iska da ake ɗaura masa, wai fiffike. Ni da na tsufa ina ɗaukar wa baƙi tukwanen iskarsu a ka, bibbiyu, a kan duwatsun bakin ruwa, ni za a gaya wa nauyi? Ƙarfe ƙasa ya sani. Tekun nan ya haɗiye mijina, kakanta, shi da ko allura babu a jikinsa.

Laraba, 9 ga Yuli

Luh ta ce in shagon bai tsaya ba kafin damina, aikin jirgin ruwa za ta tafi, irin wanda ake shekara ba a ga mutum ba. A bayana na raine ta. Ban ci abinci ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Wani Bature dogo ya zo, Luh ta shiga ciki ɗauko igiya. Na ɗaga farantin, na nuna masa teku, na yi ƙasa da hannuna, ƙasa, ƙasa, na rufe ido na karkace kai. Ya fahimta. Ya fita yana waiwaye.

Na ceci ɗan mutane. Men Wirka, dariyar me kike yi?

Talata, 15 ga Yuli

An kama ni. Na uku kenan da na kora, wannan karon a gaban Luh. Dadong take kirana, wato kaka.

"Dadong! Ke ce ashe! Ni ina ta zargin shagon gaba!"

Na ce ni ban yi magana ba. Ta ce, "Da hannu kike kashe su, tsohuwar nan!" Ta yi dariya, ta yi dariya, sai kuma ta zauna a kan bokiti. Can ta ce, "To zaɓi, Dadong. Ko in sayar da ƙarfe a nan kina ganina, ko jirgi."

Duka biyun ruwa ne. Me na yi wa ruwa?

Alhamis, 17 ga Yuli

Da asuba na ajiye kwandon fure da turare na roƙon tsari a kan kowane faranti. Luh ba ta hana ni ba. Ta ce dai in daina sa shinkafa, tururuwa na shiga jakar.

Asabar, 19 ga Yuli

Ita Luh ba ta miƙa kaya a leda a tafi. Igiyar guda ɗaya ce doguwa, sai ta zura ta cikin ramukan farantin, ta gwada a jikin mai saye, ta ja nan, ta sassauta can, ta yanke, ta ƙona bakin da ashana. Sannan su shiga ruwa tare ta gani. Wai kowane baya da nasa.

Wata mata, Ibu Ratmi, daga birnin Surabaya ta aiko a shirya mata kafin ta iso. Ƙarama ce, in ji Luh, kamar ni. "Zo in ari bayanki, Dadong, ai ba ya aikin komai yanzu."

Marar kunya. Na tsaya ta goya mini.

Rubuta wannan a hankali. Abin ya zauna. Kamar ranar da gammo ya yi daidai, kaya suka hau tsakiyar kai, ka ji kamar babu su. Ban gaya mata ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Luh ta ce gwaji bai cika ba sai a ruwa. Na ce ta kashe ni a tudu, ya fi sauƙin binnewa.

Talata, 22 ga Yuli

Yau Luh ce ke rubutu, don Men Wirka ta tafi biki. Kada ki ƙara komai, ina kallon hannunki.

Na shiga teku. Iya gwiwa na yarda, ta ja ni zuwa ƙirji. Matan dako duk sun sauke tukwane suna ihu da sunana, "Mbok Rempi za ta auri kifi!" Na kira sunan kakanta da ƙarfi. Luh ta danna wani abu, jakar ta kumbura a bayana, sai ƙafafuna suka rasa ƙasa. Na riƙe gashinta. Ta ce, "Sakar mini kai, riƙe hannuna."

Ban nutse ba. Da ƙarfe a bayana.

Ta sa mini gilashi, na leƙa sau ɗaya. Kifaye masu ruwan ɗorawa, sun fi kajin garin nan yawa, ko kallona ba su yi ba. Tun ina budurwa nake kai kaya bakin wannan ƙofa, ban taɓa leƙa ɗakin ba. Na ce mata ashe inda kakanki yake ba duhu ba ne.

Kukan me kike yi? Za ki jiƙa takardar.

Juma'a, 25 ga Yuli

Men Wirka ta dawo.

Har yanzu ba na son teku, rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Ibu Ratmi ta zo ta ɗauki nata. Baturen nan dogo ma ya dawo, yana ganina ya tsaya a ƙofa. Na kamo hannunsa, na juya shi, na buga bayansa, na ce Luh ta kawo babban faranti. Igiyar kafaɗarsa ta yi sako-sako, ni na ja ta. Ba don komai ba, ba na son ganin kaya a karkace.

Luh ta ce gobe za ta gwada wata sabuwar jaka, wai ba ta da wanda za ta ɗaura wa. Na ce ba ruwana.

Men Wirka, zanen nan naki mai saurin bushewa, yana kusa?